Ƙuri'a Ba Ita Kaɗai Ce Adalci Ba

Maƙasudin wannan 'yar maƙala shi ne mu duba wata tambaya da ta daɗe tana raba kawunan 'yan wasa a ƙasashen Turawa, alhali kuwa mutanen karkararmu sun daɗe da warware irinta.

A shekarar 1974 waɗansu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wasan Dungeons & Dragons. Wasa ne na zaman hira, mai kama da tatsuniyar da ake ƙagawa tare: mutum guda ya riƙe labari, sauran kuwa kowa ya ɗauki tauraro guda yana magana da bakinsa. Kowane tauraro yana da siffofi shida, wato ƙarfi, da zafin nama, da juriya, da basira, da hikima, da kwarjini. A tsarin farko, ana jefa ƙwayoyi uku irin na lido domin kowace siffa, a haɗa abin da ya fito, daga 3 zuwa 18. Cikin hanyoyi 216 da ƙwayoyin za su iya faɗuwa, guda ɗaya tak ke ba da 18. Saboda haka sai ka ga wani ya tashi da gwarzo, abokinsa kuwa da raggo, kuma a haka za su shafe watanni suna wasa.

Masu goyon bayan wannan tsari sukan ce ai ba a zalunci kowa ba, tun da ƙwaya ba ta san ɗan sarki ba, kuma sa'a ita ce gishirin wasa. A ganina, akwai gyara a maganar.

Mu koma gida. Duk wanda ya yi Salla a ƙauyukan Bebeji ko Kiru, ko can wajen Tudun Wada da Doguwa, ya san watanda. Mutane sukan haɗa kuɗi su sayo sa, a yanka, a kasa nama. Amma a lura da yadda abin ke bi da bi. Da fari mahauci zai zauna ya daidaita kashi-kashi, tsoka da ƙashi da kitse da kayan ciki, kowane kashi ya sami nasa. Sai an ga ba wanda ya ɗara wani, sa'an nan kowa ya ba da tsinkensa, a kira yaron da bai san na kowa ba ya ɗora a kan naman. Ashe ke nan aikin ƙuri'a shi ne kashe zargi da son kai. Ba ita ke yanke girman rabo ba. Da mahauci zai tara cinya a gefe guda, ƙafafu a ɗaya gefen, ya ce a jefa ƙuri'a, ba mai yarda, ko da kuwa yaron waliyyi ne. Malaman fiƙihu ma haka suka tafi, domin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ba ta yarda da rabo ta hanyar ƙuri'a ba sai a cikin kaya jinsi guda.

To, jifar siffofin tauraro ƙuri'a ce a kan kashin da ba a daidaita ba. Kada kuma a kawo misalin lido. A lido ana jifa sau da yawa, wanda ya sha kaye yanzu yana iya samun shida an jima. A nan kuwa jifa ce ta rana ɗaya, nauyinta na bin mutum har ƙarshen labari. Mai raggon tauraro yakan koma ɗan kallo, daga nan ya fara kawo uzuri, daga baya a neme shi a rasa.

Su kansu masu wasan sun farga. A littafinsu na 1979 an kawo hanyar jefa ƙwaya huɗu a yar da mafi ƙanƙanta. Wannan ya rage raggaye, amma bai kawar da fifiko ba. Bugun 2014 kuwa ya ba da damar kowa ya karɓi lambobi iri ɗaya, wato 15, 14, 13, 12, 10 da 8, ya rarraba su yadda ya so. Wannan fa ita ce watanda: kashi daidai, ɗanɗano daban.

Alhasali, in wata rana ɗayanmu ya tashi ƙago irin wannan wasa da Hausa, mai maharbi da maƙeri da bafade da malami, ina roƙonsa ya fara da aikin mahauci kafin ya kira yaro. Ya bar wa sa'a fagen fama, inda za ta juya kowa ya ɗanɗana. Tun ran gini, ran zane. Allah ya sa mu dace, amin.