Wasiƙa zuwa ga Malaman Turanci: A Buɗe wa Yara Baki



Ina rubuto muku ne a kan abin da kowa ke gani, amma sabo ya sa ya daina ba mu mamaki. Yaro zai yi shekara 6 a firamare, ya ƙara 6 a sakandare, kusan kullum da darasin Turanci a jadawalinsa, amma ya fito ba zai iya tsayawa gaban ma'aikacin banki ya faɗi abin da ke tafe da shi cikin jimla uku ba. In kuwa ka ce ya kawo maka ma'anar suna ko aikatau, zai rero ta ba gargada. Masu hannu a wannan matsala suna da yawa: cunkoson aji, rashin littattafai, albashin da ba ya kai wata. Ban zo in ɗora muku nauyin duka ba. Sai dai akwai kason da ke hannunku, kuma a kansa nake da magana guda: harshe da amfani ake koyonsa, don haka gwanin malamin Turanci shi ne wanda ɗalibansa suka fi shi yin magana a aji. Haƙuri da fara'a da sanin nahawu da iya tsara darasi duk masu yi wa wannan manufa hidima ne.

Mu dubi yadda minti 40 ke ƙarewa a ajujuwa da yawa. Malam ya shigo, an gaisa, ya juya baya ya cika allo da rubutu. Yara sun sunkuya suna kwafa, wasu littafi bisa gwiwa saboda babu tebur. Ya karanta, sun maimaita da murya ɗaya. Ya tambaya ko an gane, aji ya amsa da ƙarfi cewa an gane. Aka kaɗa ƙararrawa. A cikin wannan lokaci babu yaro ɗaya da ya ƙirƙiri jimla tasa ta kansa don ya faɗi abin da ke ransa. Babu telan da zai zaunar da yaron shagonsa shekara da shekaru yana haddace sunayen sassan keke, sannan ya yi tsammanin ranar da aka miƙa masa yadi zai fitar da riga. Kan keke ake ɗora shi, ya taka, ɗinki ya karkace, a warware, ya sake.

Binciken masana ya tafi a kan haka. A farkon shekarun 1980 Stephen Krashen ya yi fice da ra'ayin cewa mutum na samun sabon harshe ne idan yana ji yana karanta abin da yake iya fahimta, wanda ya ɗan ɗara matakinsa kaɗan, kuma tsoro da fargaba suna toshe wannan hanya. A ƙasar Fiji, Warwick Elley da Francis Mangubhai sun zuba littattafan labarai kusan 250 a ajujuwan wasu makarantun karkara a 1980, kuma bayan wata 8 suka ga yaran sun ci gaba a fahimtar karatu da sauraro ninki biyu na yadda aka saba. Amma ji da karatu kaɗai ba su isa ba. A 1985 Merrill Swain ta nuna cewa yaran Kanada da suka shafe shekaru ana koya musu darussa da Faransanci sun iya fahimta sosai, amma magana da rubutunsu na nan da rauni, domin ba a cika matsa musu su furta da kansu ba. Sai mutum ya buɗe baki zai faɗi abu yake gane inda iliminsa ya tsaya. Darasin da ke nan a fili yake: a cika wa yaro kunne da Turancin da yake ganewa, sannan a ba shi dalili da damar mayar da martani.

Babban abin da ke rufe bakin yaro shi ne tsoro. Yarinya ta miƙe ta yi ƙarfin hali ta haɗa jimla, ta sa "he" inda ya kamata ta sa "she", aji ya fashe da dariya, malam ya ce ta zauna tun ba ta kai aya ba. Abin da ta koya a ranar shi ne shiru ya fi aminci, kuma za ta riƙe wannan darasi har ta gama makaranta. Shi ya sa haƙuri a wurin malamin harshe kayan aiki ne kamar alli. Mary Budd Rowe ta auna a Amurka a farkon shekarun 1970 cewa malamai kan jira amsa kimanin daƙiƙa 1 kacal bayan sun yi tambaya, kuma da aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa 3 ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, masu ɗaga hannu suka ƙaru. In haka ne ga yaran da ke amsawa da harshen gidansu, ina ga wanda sai ya tsara maganar da Hausa a zuci kafin ya nemo mata Turanci? Wani zai ce in aka ƙyale kuskure zai zauna daram. Gaskiya ne, kuma ba cewa nake a ƙyale shi ba. Magana ce ta lokaci da salo. A bar yaro ya kai ƙarshen zancensa, malam ya maimaita jimlar daidai cikin sakin fuska, ya sa shi ya sake faɗa. Kurakuran da suka yawaita a tara su, a rubuta a allo a ƙarshen darasi ba tare da kiran sunan kowa ba, aji duka ya gyara.

Daga nan sai batun Hausa. Har yanzu akwai makarantun da monita ke rubuta sunayen masu yin "banakula", wato harshen gida, a ci su tara ko a yi musu bulala, da zaton hakan zai tilasta Turanci. Abin da yake haifarwa shi ne aji mai shiru. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara 6 na firamare, Turanci kuma a matsayin darasi, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin kansa. Za a ce ai manufar gwamnati ta juya. Haka ne: Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ba harshen gida shekarun farko na firamare, a 2022 aka tsawaita zuwa shekara 6, a 2025 kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da komawa ga Turanci. Amma ko wace manufa ke aiki, yaron da ke gabanka da Hausa yake tunani, kuma malamin da ya san haka ya fi kowa sanin inda zai yi tuntuɓe. Ya san yaro zai rikita sautin p da f domin Hausa ba ta raba su, zai cusa wasali tsakanin baƙaƙen da suka haɗu, zai kira mota "she" domin a Hausa mace ce, zai ce "I am coming" alhali fita yake yi. Bayani na minti ɗaya da Hausa kan warware abin da minti goma na Turanci bai warware ba. Haɗarin da masu suka ke hange shi ma gaskiya ne: in aka saki jiki, darasin Turanci kan koma hira da Hausa daga farko har ƙarshe. Iyakar ita ce a yi Hausa don buɗe ma'ana, a koma Turanci don aiki da ita.

Hujja mafi nauyi da za ku kawo ita ce yawan yara. Manufar ilimi ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, 40 a sakandare, amma da yawanku kuna tsayawa gaban ninki biyu ko uku na haka. Wa zai saurari yaro 100 ɗaya bayan ɗaya? Babu, kuma wannan ne ma ya sa salon tambaya ɗaya amsa ɗaya ba zai yi ba. In aka bi su layi, ko rabin minti kowa ba zai samu ba. In kuwa aka haɗa su bibbiyu a kan bencinsu na minti 10, ɗaya mai tumatir ɗaya mai saye, ana tayawa ana sallamawa da Turanci, kowane yaro ya samu minti 5 yana magana. Michael West, wanda ya horar da malamai a Dhaka, ya wallafa littafi a 1960 a kan koyar da Turanci cikin mawuyacin hali, kuma cikin dabarunsa akwai mai sauƙi: yaro ya karanta jimla a zuci, ya ɗaga kai daga littafi, ya faɗa wa na kusa da shi. Wannan ba ya bukatar lantarki ko kwamfuta. Aji zai yi hayaniya, don haka a fahimtar da shugaban makaranta tun da wuri cewa hayaniyar aiki ce, a kuma kafa alamar da in malam ya yi ta kowa zai yi tsit.

Saura masu cewa manhaja na da tsawo, jarrabawa kuma na tafe. Lalle babu shiga jami'a sai da kiredit a Turanci, kuma JAMB ta wajabta shi ga kowa. Amma ku dubi abin da WAEC da NECO ke tambaya: insha'i, auna fahimta, taƙaitawa, sanin kalmomi da sautuka. Insha'i na bukatar yaro ya gina jimloli nasa a kan batun da bai taɓa haddacewa ba, taƙaitawa kuma ta ce ya faɗi ma'ana da kalmominsa. Wanda bai saba haɗa jimla da baki ba, ba zai fara haɗa ta a zauren jarrabawa ba. Nahawu na da muhallinsa, amma ya fi zama a kai idan ya biyo bayan misalan da yaro ya riga ya ji ya kuma furta.

Abu na ƙarshe ya shafe ku kai tsaye. Wani lokaci malam na fakewa da allo ne domin shi ma bai amince da bakinsa ba, yana gudun yaro ya jefo tambayar da ba shi da amsarta. Maganin wannan shi ne karatu kullum, ko shafi biyu ne, da sauraren labarai da Turanci a rediyo, da ajiye ƙamus a kusa, da zama da abokan aiki ana gyara wa juna. Malamin da ya ce wa aji "bari mu duba ƙamus tare" bai zubar da girmansa ba, ya nuna musu yadda ake neman ilimi ne.

Don haka ina roƙonku, tun daga darasin gobe, ku rage rubutun allo, ku ware ko minti 10 na maganar yara, ku ƙara jira bayan tambaya, ku hana dariya ga mai kuskure, ku soke tarar banakula. Idan zango ya ƙare, ku auna kanku da yawan yaran da suka iya miƙewa su faɗi abin da ke ransu da Turanci.