Ɗalibin Da Ya Riga Tsararsa Kammala Digiri: Yabo Ya Cancanta Ko Hukunci?

A shekarar 2012 wata jami'a mai zaman kanta da ke birnin Essen na ƙasar Jamus ta maka wani ɗalibinta a kotu, bisa wani laifi da kunne bai saba ji ba. Ɗalibin ya haɗa digirin farko da na biyu, ya ci jarrabawa kusan 60 cikin watanni 20, alhali jami'ar ta tsara a yi karatun a zango 11. Da ya kammala sai ya daina biyan kuɗin makaranta, ita kuwa jami'ar ta nemi ya cika mata kimanin Yuro 3,000, kotu kuma ta ba ta gaskiya a kan cewa yarjejeniyar da ya sa wa hannu ta kuɗin karatun ce gaba ɗaya. Mai karatu zai iya cewa wannan rigimar Turawa ce. To amma a nan gida ma muna hukunta irin wannan ɗalibi, sai dai namu hukuncin da shekarun rayuwarsa yake biya.

Mu ɗauki Wudil a matsayin misali. Jami'ar Kimiyya da Fasaha da gwamnatin Jihar Kano ta buɗe a garin a 2001, wadda aka sauya wa suna zuwa Jami'ar Aliko Dangote a 2022, kamar sauran jami'o'in ƙasar nan take, tana bin ƙa'idojin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC. Ƙa'idar ta ce wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB zai yi aƙalla shekara huɗu a yawancin fannoni, shekara biyar a irin su injiniyanci da aikin gona. Ta kuma ce mafi ƙarancin abin da ake bukata a digirin shekara huɗu shi ne yunit 120, kuma ɗalibi ba zai yi rajistar ƙasa da yunit 15 ko sama da 24 a zango guda ba. Duk wanda ya iya lissafi zai ga cewa mai ɗaukar 24 a kowane zango zai iya haɗa 120 a zango biyar, wato shekara biyu da rabi. Gaskiya ne sassa da dama suna neman fiye da 120, amma ko da an ƙara, haziƙin yaro zai iya gamawa a shekara uku. Duk da haka ba hanyar da zai bi, domin an jera darussa aji-aji, kuma ko ya haɗa komai sai ya zauna shekarun sun cika.

Abin mamaki shi ne, tsarin ya tanadi wuri ga wanda ya makara. Wanda ya faɗi darasi zai maimaita, wanda bai gama ba za a ƙara masa zanguna har zuwa wani ƙayyadadden lokaci. Wannan adalci ne, kuma ina goyon bayansa. Sai dai in mun yarda ba a taru an zama ɗaya ba wajen jinkiri, me ya sa muke musun haka wajen sauri?

Magabatanmu ba su yi wannan kuskure ba. A makarantar allo babu wanda ake ƙidaya wa shekaru kafin ya yi sauka. Yaro yakan wanke allonsa ne ranar da malam ya gamsu ya riƙe abin da ke jiki, wani ya sauke a shekara uku, wani a bakwai, kuma babu mai ce wa na farko ya jira na biyu. Haka a makarantar zaure, inda kowane ɗalibi yake da littafinsa da inda ya tsaya. Kalmar sauka ita kanta tana nuna an kai ƙarshen abin da aka hau ne, babu ruwanta da kalanda. Karatun boko ne ya zo mana da auna ilimi da yawan zaman benci.

Na san hujjar masu adawa da wannan ra'ayi, kuma hujja ce mai nauyi. A watan Disambar 2023 jaridar Daily Nigerian ta buga binciken wakilinta Umar Audu, wanda ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin makonni shida, har ya shiga bautar ƙasa da shi. Abin da ya biyo baya shi ne gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo a watan Janairun 2024. Don haka masu cewa sauri ya haifi nawa suna da abin nunawa, suna tsoron in aka buɗe ƙofa, 'ya'yan masu hali ne za su fara bi ta ciki da kuɗin iyayensu. Amma a lura, illar digirin Kwatano ita ce ba a yi karatun ba, ba a kuma zauna jarrabawar ba. Wanda zai sayi sakamako zai iya sayensa a shekara huɗu kamar yadda zai saya a mako shida. Maganin wannan cuta shi ne tsaurara jarrabawa da sa ido a kan mu malamai.

Hujja ta biyu ita ce jami'a wurin tarbiyya ce, shi ya sa ake cewa ana ba da digiri ne bisa ɗabi'a da ilimi, ɗabi'a kuwa sai da lokaci. Na yarda. Amma wane lokaci muke magana a kai? Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ya ci wata tara a 2020, ya kuma ci wata takwas a 2022. Ɗaliban da abin ya shafa sun yi shekara biyar ko shida a karatun shekara huɗu, yawancin ƙarin a gida suka yi shi, ba wanda ya ce tarbiyyarsu ta ƙaru. Tsarin da ya iya cinye wa ɗalibi wata goma sha bakwai ba tare da laifinsa ba, bai kamata ya hana shi fanso ko da zango biyu da guminsa ba.

Kuma shekarar nan guda tana da tsada. Ɗan manomi daga Garko ko Gaya ko Sumaila da ke karatu a Wudil, kowace shekara sai an nema masa kuɗin rajista da na haya da na abinci, wani lokaci sai an kai dabba kasuwar Juma'a kafin a haɗa. Wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala ba zai yi bautar ƙasa ba, takardar yafewa za a ba shi. Bankuna da manyan kamfanoni kan sa iyakar shekaru a tallar ɗaukar sababbin ma'aikata. Ga 'ya mace kuwa, shekara guda tana iya zama bambanci tsakanin kammala karatu da barinsa a tsakiya saboda aure. Sannan kujerar da haziƙin ya ci gaba da zama a kai, akwai dubbai a waje da ke neman ta.

Shawarata ga NUC da majalisun dattawan jami'o'inmu ita ce a buɗe hanya, amma mai ƙa'ida. Ɗalibin da ya gama aji ɗaya da maki 4.50 cikin 5.00 ko sama da haka, a ba shi damar ɗaukar darussan ajin gaba. A riƙa gudanar da gajeren zango a lokacin dogon hutu, a biya malaman da suka koyar a ciki haƙƙinsu. Kada a taɓa watannin koyon aiki a masana'antu, da aikin ɗakin gwaji, da kundin bincike na shekarar ƙarshe, domin waɗannan hannu ne ke koyonsu, hannu kuwa ba a yi masa gaggawa. A kuma wajabta wa mai jarrabawa daga wata jami'a ya duba takardun duk wanda ya bi wannan hanya. Batun kuɗi kuwa, a caji ɗalibi gwargwadon darussan da ya ɗauka, yadda jami'a ba za ta yi asara ba, shi ma ba zai biya kuɗin shekarar da bai zauna ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a duniya, Jami'ar Buckingham ta Ingila ta shafe shekaru da dama tana ba da digiri a shekara biyu ta hanyar rage dogon hutu.

Jami'ar da ke Wudil ta kimiyya da fasaha ce, gwaji shi ne sana'arta. Ina ganin ita ta fi dacewa ta nemi izinin NUC ta jarraba wannan tsari a sassa biyu ko uku, ta bi sawun ɗaliban na wasu shekaru, sannan ta bayyana wa jama'a sakamako. In an ga alheri sauran jami'o'i su ɗauka, in an ga akasin haka a gyara. Allah Ya yi wa 'ya'yanmu albarka, Ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace.