A Yashe Rijiya Kafin Damina

Masu haƙar man fetur, kamar na Kolmani inda aka sami mai a 2019, laka su ke turawa cikin rami ta kwaso tsakuwa, a tace ta da rariyar ƙarfe, don kada ramin ya toshe.

To, rijiyoyinmu na Gwarzo da Kabo na ruwan sha ne, amma sai wata ta shekara ba a yashe ta ba. Tace ruwa da ƙyalle ya taimaka wajen korar kurkunu, har aka shaida kawar da shi daga Nijeriya a 2013. Sai dai ƙyalle ba ya tare ƙwayar zazzabin taifot. Lalle dagatai su sa a yashe rijiyoyi tun da bazara, a ɗaure bakinsu da siminti, malaman makaranta kuwa su koya wa yara tafasa ruwa.