Raino Ba Na Mata Kaɗai Ba Ne

'Yan'uwana ɗalibai maza, in mun koma gida hutun Disamba, mu daina bar wa mata rainon ƙanne su kaɗai. Bara muka tashi daga Kankiya muka je Kusada gidan kakarmu. Ran nan da asuba, hunturu na kaɗawa, Inna na dama koko, yayata ta tafi ɗebo ruwa, ni kuwa ina ƙudundune cikin bargo. Ƙanena ɗan shekara 3 ya matsa jikin wutar kara don jin ɗumi, sai rigarsa ta kama. Allah ya kiyaye, amma har yau tabon na nan a cinyarsa. Tsare yaro bakin murhu, ko shafa masa man kaɗe a faso, wane namiji ne wannan zai gagara? Bana ni zan riga kowa tashi.