A bar wa 'yan seminari falsafarsu

Wai shekara biyu na falsafa ɓata lokaci ne. Abin da wani babba a coci ya faɗa ke nan kwanan nan, jama'a suka yi ta gyaɗa kai: tunda fada sun yi ƙaranci, a tura samarinmu karatun tauhidi kai tsaye, a naɗa su, su dawo. Ban yarda ba ko kusa.

Dokar cocin Katolika ta yanka aƙalla shekara 6: falsafa 2, tauhidi 4. Paparoma John Paul na biyu ya rubuta wasiƙa sukutum a 1998 kan imani da hankali. Masu gaggawar nan sun karanta ta kuwa?

Su zo Azagor su gani. Fadan da ya biyo ta nan ya tsaya bakin rijiya, wa zai tarar? Makiyayin da fari ya kashe wa shanu, yana tambayar me ya sa Allah ya bari. Malamin zaure da ya sauke Ummul Barahin ta Sanusi, ya san wajibi da mustahili da ja'izi kamar yunwar cikinsa, zai tambaye shi cikin ladabi yadda uku ke zama ɗaya. Wanda bai koyi mandiƙi ba, sai dai ya sunkuyar da kai.

Suna cewa falsafa tana raunana imani. Imanin da tambaya ɗaya za ta kayar, da shi za a tura mutum ƙasar bishop na Maradi, wadda tun 2001 ta haɗa Tawa, Damagaram, Agadas har Diffa?

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ma ya girmi wannan magana. Samarinmu su tafi Burkina Faso karatu, wasu su dawo da Faransanci zalla, su hau huɗuba, iyayenmu mata na gyangyaɗi a kan benci. Mun daɗe muna kuka, ana cewa mu yi haƙuri. Ba harshe kaɗai ba ne: Toma na Akwino ya karanta malaman Musulmi Ibn Sina da Ibn Rushd, ya yi muhawara da su. Mu da muke shan ruwan rijiya ɗaya da Musulmi, me ya hana mu?

Bishop-bishop na Burkina da Nijar, kada ku taɓa shekaru biyun nan. Ku ƙara musu Gazali, ku tilasta musu Hausa, Fulatanci da Tamajak kafin a ɗora musu hannu.