Wasiƙa a Buɗe ga Masu Adana Bayanai a Birnin Kebbi da Argungu

Wajibi ne a yaba wa ma'abota wannan sana'a, domin sun ceci takardu da hotuna masu yawa daga gara da ambaliya irin wadda ta mamaye fadamar Rima a 2020. Abin da ya sa aka ɗauki alƙalami shi ne ɗabi'ar tura duk wanda ya zo neman shawara zuwa ajiyar gajimare, tun ba a tambaye shi abin da zai ajiye ba.

Wannan ajiya, wadda ta yaɗu bayan kamfanin Amazon ya buɗe tasa mai suna S3 a 2006, tana nufin ɗora kowane fayil ta intanet a kan kwamfutocin wani kamfani a matsayin dunƙule guda mai sunansa, wanda ba a gyara shi a inda yake, sai dai a sake ɗora shi gaba ɗaya. Don haka ta dace da aikin da aka kammala, kamar bidiyon gasar kamun kifi ta Matan Fada ko hotunan kayan tarihin Gidan Kanta, amma mai tace bidiyon biki da yake taɓa fayilinsa kullum wahala kawai za ta ja masa. Ɗora kaya galibi kyauta ne, sauke shi kuwa da kuɗi, kuma da dala ake lissafi, alhali dalar da take ƙasa da naira 500 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Wanda ya ɓoye wa mai studiyo wannan lissafi ya ci amanarsa, ko da bai yi nufi ba.

Mafi ciwo shi ne goge kwafin da ke hannu da zarar an gama ɗorawa. Almajiran Gwandu ba su bar littattafan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a kwafi ɗaya ba, sun yi ta kwafa suna rarrabawa gidajen malamai, shi ya sa ake karanta su har yau, kuma abin takaici ne a ce masu na'ura sun gaza masu tawada tanadi. Gajimaren ma ba kullum ake kaiwa gare shi ba: ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse, mutane da yawa a Afirka ta Yamma suka kasa kaiwa ga kayansu.

Ana roƙon masu adana bayanai cikin girmamawa su riƙa barin kwafi a faifan ajiya a hannun mai kaya, su buɗe asusun gajimaren da sunansa, sannan su gwada sauke fayil ɗaya babba a gabansa kafin ya biya.