Daga Asibitin Sha-Ka-Tafi Zuwa Kemis

A ƙauyukanmu da yawa yau, in yaro ya kwana da zazzaɓi, kemis uwa take nufa, ba asibiti ba. Shin yaya aka yi muka zo nan?

A da can, wanzami ke yin ƙaho, ungozoma ke karɓar haihuwa, mai magani kuma yana da saiwa da sassaƙe. A zamanin Turawa sai En'e ta gina ɗakunan shan magani, waɗanda jama'a suka laƙaba wa sha-ka-tafi. Malamin asibiti zai duba yaro, ya wanke gyambo, ya ba da magani. A 1976 ƙananan hukumomi suka gaji waɗannan ɗakuna. Da arzikin ƙasa ya ja baya bayan 1980, sai magani ya yanke, aka koma rubuta takarda a ce ki je ki saya.

A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako, suka shirya a riƙa sayar da magani da sauƙi a asibitin ƙauye, a sake saro wani da kuɗin. A wurare da dama shirin bai ɗore ba. Nan kemis ya sami shiga.

Ba mu ƙi mai kemis ba. Yana kusa, yana buɗewa da dare, har bashi yakan bayar. Amma fa yawancinsu ba likitoci ba ne, kuma lasisinsu bai ba su ikon yin allura ba. Wani zai yanka miki rabin magani daidai kuɗinki, ciwo ya lafa, ya dawo da ƙarfinsa. Kada mu manta da My Pikin, maganin haƙoran jarirai da ya kashe yara fiye da 80 tsakanin 2008 da 2009.

To, uwargida, in zazzaɓi ne a fara gwada jini tukuna. Tun 2005 gwamnati ta sauke kulorokwin daga matsayin maganin cizon sauro na farko. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewar magani, a kuma shanye shi yadda aka ce.

Ku kuma 'yammata 'yan makaranta, ku riƙa karanta wa iyayenku abin da ke jikin kwali. Ku dage da karatu, don ƙauyenku na jiran ungozomar zamani daga cikinku. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba mu lafiya, amin.